Indo Da A'isha Duk Ɗaya Ne

Jama'a, in ana zancen sunayen mata a ƙasar Hausa, ban ga wanda ya kai A'isha yawa ba, sai fa ko Fatima. Ku duba rajistar kowane aji a makarantar nan. A ajinmu kaɗai A'isha shida ne, sai malam ya haɗa da sunan uba kafin a san wadda yake kira. A unguwarmu Tudun Murtala ma haka abin yake, da wuya ka shiga gida ka fito ba ka ji an kira mai sunan ba. Amma abin mamaki, wannan suna da kowa ke so yana da wani laƙabi da kowa ke gudu, watau Indo. A ce wa yarinya A'isha ta amsa da fara'a, a ce mata Indo ta murtuke fuska sai ka ce an zagi iyayenta. Ni kuwa a ganina ba mu yi wa Indo adalci ba.

Asalin sunan Larabci ne, daga kalmar da ke nufin rayuwa. Ma'anarsa rayayya, ko mai rayuwa cikin jin daɗi. Daga wannan tushe ne mutanen Kenya da Tanzaniya suka samo kalmar "maisha" da suke kiran rayuwa da ita. Amma ba don ma'anar kaɗai iyayenmu ke rububinsa ba, don mai sunan ta asali ne, Nana A'isha, 'yar Sayyadina Abubakar, matar Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi). A ɗakinta ya yi wafati, a nan kuma aka binne shi. Hadisi 2,210 aka ruwaito daga bakinta, manyan sahabbai maza kuwa wurinta suke zuwa neman fatawa in mas'ala ta shige musu duhu. Ta rasu a Madina a shekara ta 58 bayan Hijira, watau 678, aka binne ta a Baƙi'a. To, uban da ya yanka rago ran bakwai ya ce a raɗa wa 'yarsa A'isha, ai ilmi ya roƙa mata ko da bai faɗa ba.

Da sunan ya bazu cikin duniya, kowace al'umma ta lanƙwasa shi yadda harshenta zai iya. Turkawa suka ce Aishe, mutanen Senegal da Gini suka ce Aisatu, Yarbawa suka ce Aishat. Mu Hausawa muka ce A'i, da Shatu, da Indo.

Me ya sa muka yi haka? Alkunya ce. Mutum ya sami 'ya, ya sa mata sunan mahaifiyarsa. Shi ba zai iya buɗe baki ya kira sunan uwarsa gatsau ba, balle matarsa da take suruka. Sai a nemi wani suna a sakaya. Haka Fatima ta zama Binta, Hauwa'u ta zama Kulu, Hadiza ta zama Dije, Zainabu ta zama Abu. Ashe duk inda ka ji Indo, akwai wata tsohuwa mai daraja a bayan sunan, wadda aka ji nauyin a ambace ta tsakar gida yara na ji. Kun ga kuwa abin da ladabi ya haifa bai kamata ya koma abin dariya ba.

Laifin, a ganina, na masu shirya finafinai ne da marubuta littattafan soyayya, sa'an nan namu. Duk sa'ad da suke son nuna sakarya, sai su ɗauko yarinya su cika mata fuska da ɗige-ɗige, su ɗora mata tiren talla, su ce Indo ce daga ƙauye. 'Yar birni mai mota kuwa Humaira, alhali Humaira ɗin ma laƙabin Nana A'isha ne. Mu kuma muka haɗiye abin ba tauna. Yanzu a ɗakin kwana in yarinya ta ɗaura ɗankwali a karkace sai a ce, "Ke Indo!" a fashe da dariya. Wadda abin ya fi ci ita ce ƙaramar da ta zo aji ɗaya, wadda tun haihuwarta ba ta san wani suna ba sai shi. Kafin zango ya ƙare ta koyi jin kunyarsa. Ran ziyara kakarta ta sha hanya da ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji, ta hango ta, ta ɗaga murya ta kira ta da sunan da ta saba, yarinya ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. Haba 'yan'uwa! Wannan tsohuwa me ta yi mana?

Wata za ta ce suna na mai shi ne, tana da ikon zaɓen wanda za a kira ta da shi. Gaskiya ne, ban musa ba. Wadda ta fi son A'isha a kira ta A'isha. Abin da na ƙi shi ne raina na wata. Ga kuma wani abu da gudun Indo ya jawo, watau ƙawata rubutun suna. Yau ta rubuta Ayeesha a bangon littafi, gobe Eesha, takardar haihuwa kuwa Aishatu. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, in kuwa sunan da ke takardu ya saɓa, iyaye ne za su sha zirga-zirga da kashe kuɗin rantsuwa a kotu. Iyayenmu, don Allah ku tsai da rubutu ɗaya tun daga firamare, ku kuma gaya wa yarinya sunan wa ta ci.

Mu tuna da Hajiya A'isha Lemu, Baturiyar Ingila da ta musulunta ta ɗauki wannan suna, ta zauna a Minna, ta rubuta littattafan addini na makarantun sakandare, ta zama shugabar farko ta ƙungiyar FOMWAN a 1985, ta rasu a 2019. Babbar 'yar marigayi Janar Murtala Muhammad ma A'isha ce. Da a gidan kakata aka haife su, su biyun duk Indo za a ce musu, ba kuwa abin da zai ragu a jikinsu.

Ina roƙon ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu, a wasan da za a yi ranar rabon kyaututtuka, a ba likitar sunan Indo. In an rasa mai fitowa, ga A'isha shida a ajinmu.