Kada mu yar da ɗan agwagwa don ƙafarsa ta gurgunce

Yau zancenmu a kan agwagwa yake. A garuruwan da ke bakin ruwa, kamar Madarunfa da Tabalak da Gidimuni da Gaya, gidaje da yawa suna kiwon ta. Har cikin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai muna ganin ta tana kiwo a bakin kwata. Galibi mata ne ke da ita. Ita ce asusunsu ranar da yaro ya kwanta ciwo, ko ranar da baƙo ya sauka. Idan annobar kaji ta lokacin ɗari ta share akurki, sau da yawa agwagwa ce ke saura.

Duk da wannan amfani, akwai wani sakaci da ya zama ruwan dare. Idan ɗan agwagwa ya fara ɗingishi, ko ya kasa tashi, sai a ce ba mai rayuwa ba ne. Wasu su jefa shi bayan danga. Wasu su bar shi a rana, ƴan uwansa suna tattake shi, har shirwa ta ɗauke shi. Mu a ganinmu wannan asara ce da ake iya kaucewa. Yawancin ciwon ƙafar ɗan agwagwa daga wajen kiwo yake fitowa: daga daɓen da yake takawa, da abincin da yake ci, da yadda ake kama shi. Abin da hannun mai kiwo ya jawo, sau da yawa hannunsa na iya gyarawa, in dai an yi da wuri.

Me ya sa ƙafar agwagwa ke saurin lalacewa?

Agwagwar da muke kiwo asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya take. Tana kwanci kwana 35 kafin ta ƙyanƙyashe, alhali kaza kwana 21 take yi. Ƴaƴanta suna girma da sauri ƙwarai a makonnin farko. Jiki yana ƙara nauyi kullum, ƙafa kuwa gajera ce, an yi ta don iyo. Toron ma ya fi shiga haɗari, don nauyinsa yakan kusan ninka na macen. Saboda haka ƙaramin kuskure a abinci ko a wurin kwana, a ƙafa yake fara nunawa. Ɗan dinya ma haka yake, kuma duk abin da za mu faɗa a nan ya shafe shi.

Mu duba tukuna

Kafin a yi magani, sai a san ciwon. Mu ɗauki ɗan agwagwa da hannu biyu, mu tallafe ƙirjinsa. Kada a kama shi ta ƙafa, kada yara su yi ta korar sa, don a nan ne ake samun targaɗe da karaya. Mu kai shi wurin haske, mu duba ƙafa tun daga cinya har zuwa yatsu. Ga abubuwa 5 da aka fi samu.

1. Zare ko gashi. Zaren buhu da gashin kitso da guntun leda suna naɗe ƙafa, su hana jini gudu. Ƙafar ta kumbura, wani lokaci yatsa ya guntule. A yanke zaren a hankali da reza sabuwa, a wanke wurin. Igiyar da ake ɗaure agwagwa da ita a ƙafa ma tana yin wannan ɓarna.

2. Talewar ƙafa. Ɗan agwagwa na kwana 1 zuwa 3, ƙafafunsa sun baje, ɗaya dama ɗaya hagu, yana jan ciki. Santsi ne yakan jawo wannan: leda, ko siminti mai sulɓi, ko cikin tasa, ko kwali mai ƙyalli. A sami ƙyalle mai laushi, faɗin ƙaramin yatsa. A ɗaura shi a ƙafafun biyu, tsakanin gwiwa da tafin ƙafa. A bar tazara kamar faɗin yatsu 2, yadda ƙafafun za su tsaya daidai ƙarƙashin jiki. Kada ɗaurin ya matse. A kwance shi kullum a duba, a sake ɗaurawa. Cikin kwana 3 zuwa 7 da yawa sukan miƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: in an bari ƙashi ya yi ƙwari, gyara ya yi wuya.

3. Ƙarancin abinci mai gina jiki. Ɗan agwagwa na mako 2 zuwa 6 yana tafiya kaɗan ya zauna. Ƙafafunsa suna rawa, ko sun fara gwame, gwiwa ta kumbura. Sau da yawa wani sinadari ne ya rasa, wanda likitoci ke kira niyasin, wato bitamin B3. Ɗan agwagwa ya fi ɗan tsako bukatarsa. Masara da dawa kaɗai ba su wadatar da shi, don jikinsa ba ya iya fitar da yawancin niyasin da ke cikinsu. Gyaɗa da kifi suna da shi sosai.

4. Ƙurji a tafin ƙafa. Ƙaya ko kwalba ko ƙusa ta soke shi, ƙazanta ta shiga, tafin ya kumbura ya yi baƙin ɓawo. A tafasa ruwa lita 1, a zuba gishiri cokalin shayi 2, a bari ya huce ya zama ɗumi. A tsoma ƙafar kamar minti 10, safe da yamma. A shafa Betadine in akwai, a naɗe da tsumma mai tsabta. In kumburin ya yi tauri kamar tsakuwa, aikin likitan dabbobi ne.

5. Karaya. Ƙafar tana lilo, ba ya taka ta ko kaɗan. In ƙashin ƙasa da gwiwa ne ya karye, kuma bai huda fata ba, ana iya ɗori. A miƙar da ƙafar a hankali, a naɗa auduga, a kafa siraran kara 2 gefe da gefe, a ɗaure da ƙyalle. Ƙashin ƙaramin tsuntsu yakan haɗe cikin mako 2 zuwa 3. Kullum a taɓa yatsun. In sun yi sanyi ko sun kumbura, ɗaurin ya matse, sai a sassauta.

Jinya a gida

Ko wane iri ne ciwon, jinyar kusan ɗaya ce. A ware shi cikin kwando ko kwali, a inuwa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko tsohon buhun algarara, abin da ƙafa za ta iya riƙewa. A canza shimfiɗar kullum, don agwagwa tana da yawan kashi, kuma jiƙaƙƙen wuri yana cinye fatar ƙirji da ta ƙafa. A sa masa ɗan uwansa guda mai natsuwa, don in yana shi kaɗai yakan yi ta kuka ya ƙi ci. Lokacin ɗari a rufe kwandon da dare. Da hantsi a fitar da shi ya ɗan sha rana, don rana tana taimakon ƙashi.

Abinci da ruwa su kasance inda bakinsa zai kai ba tare da ya tashi ba. Agwagwa ba ta cin busasshen abinci sai da ruwa kusa, in ba haka ba ta shaƙe. Ruwan ya kai zurfin da zai tsoma bakinsa har hanci, amma a zuba tsakuwa a ciki don kada ya faɗa.

Ga haɗin da ake iya yi a gida: awo 4 na ɓarzajjen hatsi da dusa, awo 1 na dakakken ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji. A ƙara ɗan garin busasshen kifi, da yankakken ganyen zogale, da ɗan garin ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka. A jiƙa da ruwa kaɗan, a ba shi abin da zai cinye nan take. Gara da fara da tana su ma abinci ne mai kyau. In ana samun garin bitamin na kaji wajen masu sayar da maganin dabbobi, a zuba a ruwa yadda aka rubuta a jikin ledar. Wanda ciwonsa na abinci ne, yakan fara samun sauƙi cikin mako guda.

Amma mu yi hattara da ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi hunhuna. Hunhuna tana fitar da wata guba, aflatoksin, mai lalata hanta. Cikin tsuntsayen gida, ɗan agwagwa ne ya fi kasa jure ta. A shekarar 1960, a Ingila, talotalo fiye da 100.000 suka mutu bayan sun ci abinci mai garin gyaɗa da ya lalace, kuma daga nan aka gano wannan guba. Gyaɗar da ba za mu ba ƴaƴanmu ba, kada mu ba agwagwa.

Iyo magani ne ga raunanniyar ƙafa, don ruwa yana ɗauke nauyin jiki, ƙafa ta motsa ba wahala. A zuba ruwa mai ɗumi a baho, a sa shi minti 5, mutum yana tsaye a kansa. Sannan a goge shi, a bar shi ya bushe a wuri mai ɗumi. Gashin ƙaramin ɗan agwagwa yana shan ruwa, yana iya nutsewa ko sanyi ya kama shi. Wanda ƙafarsa ke ɗaure, ko aka yi masa ɗori, ko yake da miki, ba a sa shi a ruwa.

Kafso da ƙwayoyin da ake talla a kasuwa ba su gyara karaya, ba su maye gurbin abinci. Ɓarnar kuɗi ce, kuma suna iya kashe shi. Bayan an gama jinya kullum, a wanke hannu da sabulu, don kashin agwagwa yana ɗauke da ƙwayoyin cutar zawo. Kada kwandon ya kwana a ɗakin da yara ke barci.

Ga masu cewa wahalar ta fi kuɗinsa

Mun san abin da wasu za su ce: mace mai daka da ɗiban ruwa da aikin gona, ina ta ga lokacin jinyar ɗan agwagwa guda? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don aikin mata yana da yawa. Amma mu yi lissafi. A ce agwagwa ta ƙyanƙyashe 12, sannan 3 suka gurgunce aka yar. Kashi 1 cikin 4 na kwancin kwana 35 ya tafi ke nan. Jinyar kuwa ba ta wuce ƙyalle da kara da gishiri, da ƴan mintoci safe da yamma. Yaro mai hankali zai iya ɗaukar wannan aiki in an nuna masa, maigida ma bai fi ƙarfinsa ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Gurgun nan shi ne ya fara nuna abin da ke damun sauran. Daɓe ɗaya suke takawa, abinci ɗaya suke ci. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Wadda ta yar da shi ba ta duba ba, ta yar da gargaɗin, mako mai zuwa sai ta ga wani ya zauna. Wadda ta duba ta gane dalili, sai ta gyara shimfiɗa da abinci, ta tsirar da duka garken.

Kuma ba dole ba ne ƙafa ta koma daidai sarai. Agwagwa mai ɗan ɗingishi tana ci, tana ƙiba, tana yin ƙwai, in dai an kusantar mata da ruwa da abinci, an kare ta daga kare da shaho.

Inda jinya ta tsaya

Ba kowane ciwo ke warkewa ba. In jijiyar gwiwa ta goce ta daɗe, ko ƙashi ya huda fata ya ruɓe, ko an yi mako 2 ana jinya yana ta ramewa, to barin sa wahalar da shi ne. A yanka shi da wuƙa mai kaifi, a hutar da shi. Jefar da mai rai a juji ya mutu da ƙishirwa ba halin makiyayin kirki ba ne.

Akwai kuma gurguntar da ba ta jinyar gida ba ce. In agwagi da yawa suka kasa tashi rana ɗaya, fukafukai suka saki, wuya ya langaɓe, mu tuna da inda suka yi kiwo. Mushe mai tsutsa a bakin tafki, lokacin zafi, yana haifar da guba mai shanye jiki. A hana su zuwa wurin, a binne mushen.

In kuwa suna karkata wuya, suna tangaɗi, kaji da zabi suna mutuwa farat ɗaya, a ji tsoron murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka fara tabbatar da ita a Nijar, kuma a jikin agwagin gida aka same ta, a Magarya, jihar Damagaram. Ta sake dawowa ƙasarmu a shekarun da suka biyo baya. Tana iya kama mutum. A irin wannan hali ba a yankawa, ba a ci, ba a kai kasuwa, ba a barin yara su taɓa. A sanar da ma'aikatan kiwo na kusa nan da nan. Su ke aika samfuri zuwa LABOCEL, ɗakin binciken cututtukan dabbobi da ke Yamai, don a gane ko mene ne.

Kiranmu

Rigakafi ya fi magani. Tun kafin agwagwa ta ƙyanƙyashe, mu tanadi busasshiyar shimfiɗa marar santsi. Mu tsince zare da leda da kwalba a tsakar gida. Mu ajiye ɗan ƙuli-ƙuli mai kyau da garin kifi don makonnin farko. Waɗanda suka iya rubutu su sami ɗan littafi, su rubuta ranar ƙyanƙyasa, da yawan ƴaƴan, da ranar da wani ya fara ɗingishi, da abin da aka yi masa. Wannan rubutu zai taimaki likitan dabbobi, zai kuma nuna mana abin da ya yi amfani. Sannan mu karanta wa maƙwabtan da ba su iya karatu ba wannan shafi, musamman mata masu agwagi.