Kafin ka kwanta ƙarƙashin mota: a sayi ƙarfen ɗagawa ko mai walda ya ƙera?

Mai karatu, in kai ne kake gyara motarka da kanka a ƙofar gida, ko ke ce kike da ɗa da yake koyon kanikanci, wannan magana taku ce, ko da yake a kallon farko ba ta yi kama da maganar lafiya ba. Ƙaramar mota irin Corolla ta haura kilo 1,000, wato ta fi buhun siminti ashirin nauyi. Duk wanda ya kwanta a ƙarƙashinta ya damƙa ƙirjinsa a hannun abin da ya tokare ta, kuma sau da yawa bai tsaya ya dubi abin da kyau ba.

A ƙasan yawancin ƙananan motocin zamani, tsakanin tayar gaba da ta baya, akwai wani siririn baki inda aka haɗe fallayen ƙarfen jikin mota. Wurare huɗu ne aka ƙarfafa a jikinsa saboda jak, kuma littafin motar yana nuna su. In aka kafa jak a wani wuri daban, bakin yakan lanƙwashe, mota ta zame. Don kauce wa haka ne masu motoci a Amurka, musamman masu Ford Mustang, suke ɗaura wani dogon ƙarfe mai kauri a ƙasan kowane gefe. Da shi za a iya kafa jak a ko'ina a tsawonsa, a ɗaga gefe guda gaba ɗaya, a kuma sami gurbin saka tokara, wato ƙarfen nan mai ƙafafu da mota take zama a kansa bayan an ɗaga ta. Daga nan gardama ta taso a tsakaninsu: me zai sa mutum ya zuba kuɗi a kan ɗan miƙaƙƙen ƙarfe, alhali zai iya yankawa ya huda da kansa? Gardamar tana nan a garejojinmu da wata fuska, inda ake ba mai walda guntun bututu da rodi ya haɗa tokara da rahusa.

Ra'ayina shi ne, duk ƙarfen da karyewarsa za ta sa mota ta faɗo a kan mutum, a saye shi daga inda aka gwada shi aka rubuta nauyin da yake ɗauka. Ban faɗi haka don raina masu walda ba, a cikinsu akwai gwanayen da aikinsu yake shekara da shekaru bai motsa ba. Damuwar ita ce ido ba ya iya tantance walda. Sai ta yi kyau a sama, alhali wutar ba ta ratsa cikin ƙarfen ba, kuma babu ranar da za a gane haka sai ranar da ta ɓalle. Ƙofar gida in waldarta ta saki, a sake yi. A ƙarƙashin mota kuwa, gwajin farko a kan haƙarƙarin mutum ake yin sa.

Dogon ƙarfen da aka ƙera wa wata mota takamaimai yana bin ramukan da suke jikinta tun daga masana'anta, yana kuma zuwa da notinsa. Na gida yakan jawo a huda sabbin ramuka inda ba a tanadar musu ba, a ɗaure da kowane noti aka samu, ba tare da an duba lambar ƙarfinsa da ake bugawa a kansa ba, irin 8.8 ko 10.9. Ga kuma tsatsa. Motocin tokumbo da yawa sun fito ne daga ƙasashen da ake barbaɗa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin yana cin ƙasan mota. Ƙarfe mai kyau in aka ɗaura shi a jikin da ya ruɓe, da shi da abin da aka ɗaura shi a kai za su tafi tare.

Wani zai ce ai na kanti ma yana cin amana, kuma ya faɗi gaskiya. A shekarar 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye tokara kimanin miliyan 1.7 daga kasuwa, saboda harshen da yake kulle ta yana iya kuɓucewa mota ta rikito. Bayan 'yan makonni sai ya sake janye wasu daga cikin waɗanda aka bayar a madadinsu, wannan karon saboda aibu a walda. Sai dai a lura, an gano aibin ne aka kuma sanar da jama'a domin kayan suna da lamba da za a bi sawunsu da ita. Ta bakin titi ba ta da lamba, babu kuma mai kiran ka ya ce ka dawo da ita. Abin da na ɗauka daga wannan labari shi ne, ko wadda ka saya kada ta zama ita kaɗai ce tsakaninka da mota. A kula kuma, a kayan da aka yi wa kasuwar Amurka, nauyin da aka rubuta galibi na tokara biyu ne a haɗe.

Akwai abin da ya dace ka tanada da kanka: guntayen katako masu kauri, marasa tsaga, da za a jera su gicciye ƙarƙashin mota a matsayin kariya ta biyu. Da irinsu masu aikin ceto suke tokare mota, domin itace yakan yi ƙara kafin ya gaza. Bulon siminti ba ya gargaɗi, farfashewa yake yi nan take, don haka a raba shi da wannan aiki. Tayar da aka cire ma a kwantar da ita ƙarƙashin gefen motar. A yi aikin a kan daɓe mai tauri da ya daidaita, a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin da suke ƙasa, a girgiza motar da ƙarfi kafin kowa ya shiga. Shi kuwa jak aikinsa ɗagawa ne kawai. Na mai yana dogara ne da 'yar robar da take tsare man, kuma tana iya saki. Wanda yake zuwa da mota kuma an yi shi ne don canjin taya, ba wanda ya kamata ya sa ko da hannunsa a ƙarƙashi a kansa.

Iyaye, ku tambayi ɗanku da me ake tokare mota a garejin da yake. Yaron gareji shi aka fi turawa ƙarƙashi, kuma kunyar maigida ba za ta bar shi ya ce yana tsoro ba. In babu tokarar kirki a wurin, sayo guda biyu a ba shi ya fi kowane kayan sallah.

In ƙaddara ta afka, a san abin da yake faruwa a jiki. Nauyi a kan ƙirji yana hana huhu buɗewa, mutum ya kasa ko ihu, kuma ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin 'yan mintuna idan babu iska. Saboda haka a ɗage motar nan take da wani jak ko da taron jama'a, a tokare ta kafin a janyo shi, a kira 112. A riƙe kansa da wuyansa daidai da gangar jikinsa, a ɗauke shi a kan faffaɗan katako, a danne inda yake zubar da jini, kada a ba shi abinci, kada kuma a fara da mai ɗori.

Wanda ya tashi da ƙafarsa yana cewa ba komai, shi ma a kai shi asibiti a ranar. Saifa da hanta suna iya zubar da jini a ciki ba tare da rauni a fata ba. Tsokar da ta daɗe a danne kuma tana sakin sinadarai cikin jini, waɗanda suke toshe ƙoda, su kuma rikita bugun zuciya. Likita Eric Bywaters da abokin aikinsa sun bayyana wannan a 1941, a jikin mutanen da aka zaƙulo daga ɓaraguzai a Landan lokacin yaƙi, waɗanda suka fito kamar lafiya lau sannan ƙodarsu ta tsaya bayan kwanaki. Ƙarin ruwa da wuri yana kare ƙoda. Ku gaya wa likita tsawon lokacin da motar ta yi a kansa da kuma gaɓar da ta danne. In an sallamo shi, ku sa ido a kan fitsarinsa: in ya ragu, ko ya koma launin baƙin shayi, ko gaɓar ta kumbura ta yi tauri tana tsananin ciwo, a koma asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.