Man Girki Da Ƙarin Ƙwaƙwalwa: A Yi Hattara

Shekaru kusan arba'in ke nan masana suna binciken wani irin maiƙo wanda ba ya saurin daskarewa, watau wanda ake kira omega-3 da omega-6. Ana samunsa a man kifi da man riɗi da man gyaɗa da na waken suya. Abin da ya jawo hankalinsu kuwa shi ne, in an zuba shi a kan ƙwayoyin ciwon daji da aka raina cikin kwalba, sai yawancinsu su mutu, lafiyayyun ƙwayoyi kuwa ba su cika jin jiki ba.

Dalili shi ne, wannan maiƙo yana saurin lalacewa in ya gamu da iska, kamar yadda tsohon mai yake sake wari. In ya lalace a cikin ƙwayar ciwon, gubar da ya haifar ita ce take fasa ta.

Wani likitan Indiya, Dokta U. N. Das, da abokan aikinsa a Haidarabad sun kai gwajin kan mutane. A 1995 suka ba da rahoton majiyyata 15 masu mugun ƙari a ƙwaƙwalwa, waɗanda bayan tiyata aka riƙa ɗura musu miligiram ɗaya na wani omega-6 mai suna GLA a gurbin ƙarin, har kwana goma. Hoto ya nuna alamun sauƙi.

To, a nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani. Mutum 15 sun yi kaɗan, kuma ba a kwatanta su da wasu da ba a ba su ba. Sa'an nan ta bututu aka kai maiƙon cikin ƙwaƙwalwa. Man da aka sha kuwa, hanji ne zai narkar da shi, jiki ya rarraba shi. Har yau maganin da aka tabbatar shi ne tiyata da gashi da magunguna irin su temozolomide, wanda gwajin 2005 ya nuna yana ƙara kwana.

Wannan magana ta shafi mutanen Dingaya da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, inda man gyaɗa yake kowane gida. Rabin labari ya ishi mai tallar magani da lasifika ya cika kwalba ya sa kuɗi. Wanda ya saya ba kuɗinsa kaɗai ya yi hasara ba, har da watannin da likita zai iya yin wani abu.

Saboda haka lalle ne malaman asibiti da ɗalibai su faɗakar da jama'a. Ciwon kai mai tsanani da amai da safe, ko farfaɗiya da ta fara da girma, ko raunin gani, ko mutuwar ɓarin jiki, duk na asibiti ne. A fara da Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, in ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake tiyatar ƙwaƙwalwa. Mai kuwa a bar shi a tukunya, har ran da bincike ya tabbatar da shi.