Giya 21 Ba Ta Tsinana Komai a Cikin Ƙanƙara

Duk wanda ya je sayen keke a garuruwan sanyi na Turai ko Kanada, abin da mai shago zai fara yi masa talla da shi shi ne yawan giya: 21, 24, 27. Mutane sun sa a ransu cewa yawan giya shi ne ingancin keke, kuma giyar da aka ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya kayan tsofaffi ce, ga nauyi ga cin ƙarfi. Wannan ra'ayin 'yan tsere ne, kuma babu ruwansa da mutumin da ke son isa wurin aiki a watan Janairu.

Giyar waje tsirara take. Haƙoranta, da ɗan hannun da ke ɗaga sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan, duk suna rataye kusa da ƙasa. A biranen da ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, taya na feso musu ruwan gishiri da yashi tun safe. Da dare ruwan ya daskare. Gari na wayewa ka danna giya ta ƙi shiga, sarƙa ta yi ja da tsatsa. Mai irin wannan keke sai ya riƙa wanki da shafa mai kusan kowane mako, yana tsugune cikin sanyin da ke sandarar da yatsu. Mutum nawa ne za su jure?

Ita kuwa giyar cikin cibiya a rufe take ruf, tana juyawa cikin mai ko giris. Sarƙa guda ce a miƙe, ana iya lulluɓe ta gaba ɗaya da murfi. Kana tsaye a danja ma za ka iya sauya giya ba tare da ka taka feda ba, abin da giyar waje ba ta yarda da shi. Kuma ba sabon abu ba ne. Tun a 1902 kamfanin Sturmey-Archer ya fara ƙera ta a Nottingham ta Ingila, garin da kekunan Rali da iyayenmu suka sani suka fito. Samfurinsu na AW mai giya uku ya fito a 1936: ta biyu kai tsaye take, ta ɗaya ta rage kashi 25 cikin ɗari, ta uku ta ƙara kashi 33. Har yau ana hawan waɗanda suka girmi masu su.

Masu suka suna cewa tana da nauyi. Gaskiya ne. To amma wanda ya sa tayoyi masu ƙusoshi, ya jibga rigar sanyi da takalma, shi ne zai yi kukan 'yan giram-giram? A Oulu ta ƙasar Finland, inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 20 ƙarƙashin sifili, yara na zuwa makaranta a keke cikin ƙanƙara, kuma da yawa kekunansu giya ɗaya ce ko uku.

Sai dai ina da ja da masu tsallakawa ɗaya ɓangaren. Giyar cibiya ta Rohloff ta Jamus mai giya 14, wadda ta fito a 1998, aiki ne mai kyau, amma kuɗinta ya haura Yuro dubu, kuma tana son canjin mai duk shekara ko duk kilomita 5,000. Ɗaure ta a bakin tashar jirgin ƙasa tamkar ajiye nama ne a gaban kura. Mai zaune a gari shimfiɗaɗɗe, giya uku ta ishe shi. Mai hawan tudu ya nemi Shimano Nexus mai giya takwas.

Ban da nauyi, aibin giyar cikin cibiya biyu ne. Cire ƙafar baya don yin faci yana ɗan ba da wahala, sannan wayar giya tana iya daskarewa idan ruwa ya shiga bututunta. Taya mai kauri tana rage na farko. Na biyun kuwa, a sa wa wayar bututu guda tun daga hannu har cibiya, a ɗiga mata mai kafin sanyi ya kama.