A Auna Mana Ruwan Garake: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumomin Galma Kudawace da Madawa

Ranku ya daɗe, Prefen Madawa, shugabannin kwamin ta Galma da iyayenmu sarakuna,

Albasa ce rufin asirin wannan yanki. Daga fadamar Tarka har garaken Buza da Keita, ita ke aurar da yara, ita ke cika rudu. Ba na neman a hana manomi feshi, don wanda ƙwari suka taɓa cinye wa albasa ya san zafin asara. Maganata a kan ruwa take. A fadama ruwan ƙasa kusa yake, kuma sau da yawa rijiyar da ake ban ruwa da ita, ita ma'aikatan garka ke sha.

Ku leƙa garka da hantsi. Yaro ya gama feshi ba safar hannu, ya ɗauraye fanfon a bakin rijiya, ruwan ya tsiyaye ya koma inda ya fito. Kwalbar da ta ƙare ba ta zama shara: gobe za ka gan ta a gida an zuba mata man gyaɗa. Yawancin maganin ta kan iyakar Najeriya yake shigowa, rubutun jikinsa da Ingilishi, wani ma an juye shi a wata kwalbar, mai talla na cewa kawai "wannan ya fi ƙarfi".

Akwai magungunan da rana da ruwa ba sa kashe su da wuri. DDT da lindane da endosulfan na daɗewa a ƙasa, su taru a kitsen dabba da na mutum, har su bi nonon uwa zuwa cikin jariri. Shi ya sa aka ƙulla Yarjejeniyar Stockholm a 2001, wadda Nijar ke cikinta. An saka lindane a jerinta a 2009, endosulfan a 2011. Amma haramci na takarda ba ya tsare kasuwar ƙauye. Ko piya-piya, da bai kai su daɗewa ba, shi ya sa Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga waken Najeriya a 2015. In albasarmu ta yi irin wannan baƙin suna a Abijan ko Akara, wa zai ɗauki asarar?

Roƙona na farko, kuma mafi girma, ku nemi hukumar kare tsirrai ta DGPV da ma'aikatan ruwa su ɗebi ruwan rijiyoyin garake da na sha, rani da damina, a auna. Sakamakon kada ya kwana a ofis da Faransanci. A karanta shi da Hausa a rediyo, a faɗi sunan rijiya da garin da take, mai kyau ko marar kyau.

Sannan a ware wurin tara kwalaben da suka ƙare a kowace kasuwa, a huda su don kada su koma madafa. Malaman gona kuma su zauna da masu sayarwa, su nuna musu magungunan da kwamitin ƙasashen Sahel na CILSS ya amince da su, kafin a fara dashen bana.

Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Wani ɗan yankin Madawa