Masu Bin Sawun Hanyoyin Rumawa

Ina ganin ƙimar mutumin da zai ɓata ranar hutunsa yana ratsa gonaki da taswira a hannu, yana neman inda hanyar Rumawa ta bi shekara kusan dubu biyu da suka wuce. Wasu na cewa aikin banza ne, ni kuwa ban yarda ba. A Ingila, Ivan Margary ya shafe shekaru yana wannan yawo, har ya fitar da littafi a 1955 ya ba kowace hanya lamba, kuma masana na amfani da lambobinsa har gobe. Daga baya wani injiniyan hanya mai ritaya, David Ratledge, ya duba hotunan da jirage suka ɗauka da hasken leza, ya gano hanyar da ta ɓace a yankin Lankasha. Abin da ke jan hankalinsu ya cancanci kallo. Rumawa sukan haƙa ƙasa, su jera manyan duwatsu, su zuba tsakuwa, su tudanta tsakiyar hanya don ruwa ya gangara kwalbatin gefe. Shi ya sa har yau ake taka hanyarsu ta Via Appia, wadda aka fara a 312 kafin haihuwar Annabi Isa. Kalmar mil ma da direbobinmu ke faɗa daga wurinsu ta samo asali: taku dubu na sojan Rum, inda ake kafa dutse a rubuta nisan gari a jikinsa.