Gem ɗin sanɗa ba na mai sauri ba ne

Rubutuna na wannan makon a kan gem ne, kuma na san wasu za su ce ai wannan harkar yara ce. Ku ɗan yi mini haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe.

Duk wanda ya san gidajen gem na Samaru da na Sabon Gari ya san ƙwallo ce sarauniya a can. A biya kuɗin wasa ɗaya, a buga na 'yan mintuna, wanda aka ci ya miƙa fad ga na bayansa. Wannan tsarin ya koya mana cewa gem abu ne na gaggawa da ihu. Shi ya sa idan matashi ya ci karo da tsohon gem na sanɗa, irin su Metal Gear Solid ko Tenchu, waɗanda duk suka fito a 1998, sai ya afka wa masu gadi da harbi, a kashe shi sau biyar, ya ajiye ya ce babu daɗi. A ganina laifin ba na gem ɗin ba ne. An shiga farauta ne da ƙafar ɗan ƙwallo.

A gem ɗin sanɗa, gwaninta ita ce ka wuce ba a gan ka ba. Don haka abu na farko shi ne ka tsaya. Ka laɓe, ka kalli mai gadi ya yi zagayensa sau biyu ko uku, ka gane inda yake juyawa da inda yake tsayawa. A Metal Gear Solid na farko, wanda Hideo Kojima ya tsara wa kamfanin Konami, sojoji suna ganin sawunka a kan dusar ƙanƙara su bi shi. Kana iya ƙwanƙwasa bango mai gadi ya zo dubawa, kai kuma ka zagaye ta bayansa, ko ka shige cikin kwali ka yi lamo. Wanda ya wuce a guje bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, alhali su ne naman miyar.

Na biyu, ka rage kisa. A Metal Gear Solid 3, wanda ya fito a PS2 a 2004, an ba ka bindigar sa barci, kuma ana iya kammala kusan dukan wasan ba tare da ka kashe sojojin da ke gadi ba. Akwai wani wuri da za ka bi ta cikin kogi, sai fatalwar duk wanda ka kashe tun farkon wasan ta taso maka ɗaya bayan ɗaya. Mai yawan harbi zai daɗe yana ratsa su, mai sanɗa kuwa sai ya tarar da kogin kusan wayam. Gem ɗin ya riƙe lissafin abin da hannunka ya aikata, ya kuma nuna maka shi ba tare da wa'azi ba.

Na uku, ka bar YouTube tukuna. Daɗin waɗannan wasannin yana cikin ganowa da kanka. Zan ɓata muku guda ɗaya kawai don misali: akwai tsohon maharbi mai suna The End, wanda za ka iya shafe awa guda kuna farautar juna a daji. Idan ka adana wasan a tsakiyar faɗan ka bar shi fiye da mako guda, da ka dawo sai ka tarar tsufa ya kashe shi. Wanda ya gano wannan da kansa ba zai manta ba. Amma akwai inda na yarda a nemi taimako. A na 1998, lambar rediyon Meryl, wato 140.15, a bayan kwalin faifan aka buga ta. Mu da yawancinmu kwafi muka samu ba kwali, ba laifi mu tambaya.

Na huɗu ya shafi masu yi a waya. Da yawa yanzu da PPSSPP suke buga Peace Walker na 2010, kuma manhajar tana ba ka damar adana wasa a kowace daƙiƙa. Ka adana saboda ɗaukewar wuta ko mutuwar caji, wannan hankali ne. Amma idan duk lokacin da aka gan ka sai ka koma baya, ka kashe wasan da hannunka. A bari a gan ka. Ka gudu, ka ɓuya, ka saurari takun masu nemanka har su haƙura. Bugun zuciyar nan shi ka zo nema.

Za a ce hoton ya tsufa, fad ɗin yana da tauri, ga dogon surutu da Turanci. Gaskiya ne, kuma awa biyun farko sai an daure. Sai dai surutun nan shi ne labarin, kuma mu da muke son rubutu bai kamata mu tsallake shi ba. Za a kuma ce ɓata lokaci ne, musamman ga ɗalibin ABU da jarrabawa ke gabansa. Ni ma ban ce a bar karatu ko salla ba. Wannan gem ɗin ma ya fi daɗi idan an ɗan taɓa an ajiye: wuri ɗaya a dare ɗaya, a ɗaki, da abin ji a kunne, ba a gidan gem da ake jiran fad a hannunka ba.

Idan akwai tsohuwar PS2 a ƙarƙashin gadon yayanka, ka kakkaɓe ta. In babu, wayarka ta isa. Ka zaɓi wuri ɗaya ka yi niyyar ratsa shi ba wanda ya gan ka, ko da zai ɗauke ka kwana uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Wa ya taɓa kammala ɗaya daga cikinsu a cikinku, kuma wane wuri ne ya fi ba shi wuya? Sai na ji daga gare ku. Allah ya kai mu mako mai zuwa.